Waiwaye: Kwamfutar da Ke Ɗaukewa a Tsakiyar Wasa

Kafin a kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, mai neman kwamfuta a garin ya san inda zai dosa: ofisoshin gwamnati, Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sai 'yan shagunan buga takardu da ke aiki da janareta. A Kurfi ma abin bai kai haka ba. Da ɗalibai suka fara cika ɗakunan haya, sai laftof ta shiga cikin kayan ɗaki tare da katifa da risho. Mafi yawansu na hannu ne, sun gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, suka biyo ta kasuwannin Kano har suka iso mana. Da sunan karatu aka saye su, kuma an yi karatun da su. Amma duk wanda ya zauna da samari ya san cewa kafin a sa wa sabuwar laftof manhajar rubutu, an riga an tura mata FIFA ko PES ko GTA daga filashin aboki.

Daga nan ne wani koke ya fara yawo, har yau kuma bai daina ba. Yaro zai zo gaban mai gyara ya ce, "Oga, lafiyarta lau. Ina rubutu da ita, ina kallon fim da ita. Amma da na kunna ƙwallo, ba a zuwa hutun rabin lokaci sai ta ɗauke." Ba ta rubuta komai ba, ba ta yi gargaɗi ba, fuskar ce kawai ta yi baƙi, fanka ta yi tsit.

Amsar da aka riƙa bayarwa a shekarun farko iri biyu ce, kuma dukansu sun jawo asara. Masu gyara da yawa, waɗanda a lokacin daga gyaran waya suka tsallako, sukan ce bairos ne, a yi mata fomatin. Sai a goge komai, a sake sa Windows, a karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Na san ɗaliban da suka rasa babukan kundin kammala karatunsu da hotunan iyali ta wannan hanya, alhali ciwon bai taɓa zama a cikin manhaja ba. Iyaye kuwa hukuncinsu ɗaya ne: gem ne ke lalata kwamfuta. Aka ƙwace laftof daga hannun yara, aka yi faɗa, wani ma aka ce ba za a sake saya masa ba tunda bai san darajar kaya ba.

Gaskiyar maganar ita ce wasa ba ya lalata kwamfuta mai lafiya, tona asirin marar lafiya yake yi. Ba a gane ƙarfin injin mota a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai ta ɗauko buhunan masara ta nufi tudu. Lokacin da kake rubutu, furosesa kusan hutawa take yi, wutar da take ja ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba. Da ka kunna wasa, sai ita da katin hoto su tashi aiki gaba ɗaya, domin kowace daƙiƙa sai an zana fili da 'yan wasa da inuwarsu sau 30 ko sau 60. Duk wutar da suka sha kuwa zafi take komawa, babu inda take zuwa. In hanyar fitar da zafin a buɗe take, kuma wutar da ke shigowa ta wadata, sai a yi ta wasa har dare. In ɗaya daga cikin biyun ya gaza, a nan ne za a gani.

Mu fara da zafi, don shi ne ya fi yawa a wajenmu. Kamfanonin da ke ƙera furosesa, Intel da AMD, sukan sa mata iyaka a wajen digiri 95 zuwa 100 na ma'aunin salshiyos. In ta kusanci wannan iyaka, da kanta take rage gudu don ta huce, shi ne lokacin da mai wasa zai ga 'yan ƙwallon suna tafiya da ƙyar, hoto yana sarƙewa. In hakan bai wadatar ba, zafin ya ci gaba da hawa, sai ta yanke wutar baki ɗaya. Da gangan aka gina ta haka, don kada ta ƙone. Abin da muke kira mutuwa, tsira ce na'urar ta nema wa kanta.

Akwai wani abu da ba a cika karantawa a takardar da ke zuwa da laftof ba, ga wanda ma ya samu takardar. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa an ƙera ta ne don ta yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. To, mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi ya san yadda Afrilu take. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano ba tare da silin ba kuwa ya fi waje turiri, har bayan magariba bango na mayar da abin da ya sha. Ke nan tun kafin a danna makunni, an riga an ƙetare ƙa'idar maƙerin. Iskar da fanka za ta jawo don ta sanyaya ciki ita kanta da zafinta take zuwa. Shi ya sa laftof ɗin da ta yi hunturu lafiya lau, sai bazara ta kama ta fara ɗaukewa, mai ita yana rantsuwa bai canja mata komai ba. Gaskiya ya faɗa, yanayi ne ya canja.

Hunturun ma ba kyauta ya wuce ba, shi ne ya haƙa ramin. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta ya kai ta shige duk inda iska ta shiga. Fankar laftof na zuƙar ta tsawon watanni, tana haɗuwa da zaren bargo da gashi, ta taru a bakin 'yan siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita. Daga waje ba a ganin komai, ko ka leƙa da tocila. Fankar na juyawa, tana ma ƙara fiye da da, amma iskar ba ta wucewa.

Wata Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, ina zaune a shagon wani mai gyara da ya daɗe a sana'ar, sai ga wani dattijo daga Kurfi da ɗansa a bayansa, yaron ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ajiye laftof a kan tebur ya ce, "Malam, ga abin da wasa ya jawo mana. Kuɗin tumaki biyu na sa a cikinta." Mai gyaran ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri in buɗe tukuna." Ya tambayi yaron, "Ƙanena, a ina kake ɗora ta in za ka yi wasa?" Ya ce a kan katifa. "Minti nawa take yi kafin ta ɗauke?" Ya ce kamar ashirin. "In ka kunna nan take tana tashi?" Ya ce a'a, sai ta huta. Mai gyaran bai ƙara tambaya ba. Ya kwance bayanta, ya cire fankar, ya sa yatsa ya ɓaro wata ƙura da ta dunƙule ta yi kauri, ya ɗora a tafin hannunsa ya miƙa. "Alhaji, ga mai laifin. Ko karatu kaɗai yake yi da ita, da ta kai wata uku sai ta fara haka." Dattijon ya duba ya duba, ya ce, "Ikon Allah. To, Allah ya kyauta." Abin da aka biya bai kai kuɗin motarsu na zuwa da komawa ba.

Tambayoyin nan uku su ne suka burge ni, fiye da buɗewar. Mutumin ya gano ciwon tun bai taɓa sukundireba ba, don alamomin zafi ba sa ɓuya: fanka na kuka, ƙasan laftof ba ya taɓuwa, wasa na yin nauyi kafin ta ɗauke, kusan lokaci ɗaya take ɗauka kullum, kuma ba ta yarda ta tashi sai ta huce. Katifa da filo kuwa, ramukan shaƙar iskar da ke ƙasanta suke toshewa. Ɗora ta a kan faifan katako ko tebur, a ɗan ɗaga bayanta, shi kaɗai yakan ƙara mata tsawon numfashi.

Bayan ƙura, akwai man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke mata zafi. Aikinsa ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, don zafi ya tsallaka ba tare da tsaiko ba. Laftof ɗin da ta yi shekara shida ko bakwai a wata ƙasa kafin ta zo, man nan ya bushe ya farfashe. Sai an goge tsohon tas, a sa sabo ɗan kaɗan. Na sha jin ana cewa man goge baki ma yana yi. Ba ya yi. Kwana kaɗan zai bushe, a koma inda aka fito. Haka masu sa laftof a firji ko su ɗora mata ƙanƙara a leda: raɓa za ta sauka a kan allon cikinta, ruwa da wuta kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Wanda zai hura ƙurar da abin busa iska, ya riƙe fankar kada ta yi ta juyawa da ƙarfin da ya wuce nata.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar tamu ce mu kaɗai saboda talauci ko rashin sani. Zafi ya kayar da manyan kamfanonin ma. A 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan ɗaya don gyaran na'urar wasanta Xbox 360, wadda ta riƙa mutuwa tana nuna jan zobe, ta kuma ƙara wa masu saye garanti zuwa shekara uku. A 2008 Nvidia ta amsa cewa wasu daga cikin ƙwayoyin hotonta da ke cikin laftof suna lalacewa da wuri, saboda zafi da sanyi da ke maimaituwa a kansu suna karya haɗinsu. Irin laftof ɗin wancan zamani da yawa sun gangaro kasuwannin kayan hannu. A irin wannan ne wasu masu gyara ke gasa ƙwayar da bindigar iska mai zafi, ta farfaɗo, a ce an gyara. Sau da yawa makonni ko watanni kaɗan take ƙarawa. Babu laifi a yi, in mai kaya ya amince, amma amana ce a gaya masa cewa jinkiri aka saya, ya gaggauta kwashe takardunsa.

Sai wuta, mai laifi ta biyu, wadda alamarta daban take. Ita ba ta jiran minti ashirin. Tana iya ɗaukewa minti biyu da farawa, daidai lokacin da wasan ya yi nauyi, jikin na'urar da sanyinsa, kuma in ka danna makunni nan take za ta tashi. Ƙa'idar wutar Najeriya bolt 230 ce, amma kowa ya san daren da ƙwai ke ci ja-ja, fankar sama na juyawa da ƙyar. Ƙaramin janareta, irin wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, in aka jona masa dutsen guga ko firji ya tashi, sai ya yi tari, wutar ta nutse na ƙiftawar ido. Laftof mai lafiyayyen batir ba za ta ko ji ba. Amma nawa ne daga cikin namu batirinsu ke riƙe caji? Da yawa a kan caja suke rayuwa, ko waya aka taɓa da ƙafa sun tafi.

Cajar kanta abin dubawa ce. A jikin kowace an rubuta ƙarfinta: wat 45, 65, 90, na laftof ɗin da aka ƙera don wasa kuwa daga 150 zuwa sama da 200. In ta asali ta ɓace aka sayo wadda bakinta ya shiga kawai, za ta ɗauki nauyin rubutu, amma da wasa ya nemi cikakken ƙarfi sai ta kasa. Jabun ma sun fi muni, don abin da aka rubuta a jikinsu ba shi suke bayarwa ba, kuma a hannu za ka ji ba su da nauyi. A kwamfutar tebur, wannan aiki na akwatin wutar da ke cikinta ne. Masu gidajen gem da suka sayi ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, waɗanda akwatin wutarsu bai kai wat 300 ba, suka cusa musu katin hoton da shi kaɗai ke neman wat 120 ko fiye, sun sha wannan wahala. Kati sabo, furosesa lafiya, amma mai ciyar da su ya gaza. In aka buɗe tsohon akwatin aka ga kawunan kafasito sun kumbura, an samu amsa. Sai dai ina roƙon yara masu ƙarambani su bar buɗe wannan akwati ga wanda ya iya, don yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare shi daga soket.

Shekarun baya-bayan nan sun sauya fuskar matsalar. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma hana sayar da fetur a jarka, samari sun koma kan wasannin da ba sa buƙatar intanet, mai gyara kuma ya rasa YouTube ɗin da yake leƙawa. A watannin ne aka bambance wanda ya fahimci na'ura da wanda ke kwaikwayon bidiyo. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da kuma duhun da ya rufe yawancin Arewa na kwanaki a Oktoban 2024, mutane suka rungumi sola. Alheri ne, amma ya zo da nasa. Ƙaramar imbata in an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, ko batir ya yi ƙasa cikin dare, yankewa take yi. Mai arhar kuma wutar da take bayarwa ba ta da santsin da wasu akwatunan wutar kwamfuta ke buƙata. Kwamfutar da ke wasa lafiya da rana amma ta riƙa ɗaukewa bayan isha'i, a fara tuhumar batirin sola kafin a tuhume ta.

Ban ce manhaja ba ta da hannu ko kaɗan ba, kuma a nan masu cewa bairos suna da ɗan abin kamawa. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye a cikin wasannin sata irin su GTA V da PES 2018, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a duniya. Aikinta ta sa furosesa haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, ribar ta tafi wa wani can, zafin da kuɗin wuta su zauna wa mai kwamfuta. Tunda kusan duk wasannin da ke yawo a filashinmu na sata ne, wanda ya ji fankarsa na gudu alhali bai buɗe komai ba, ya duba Task Manager ya ga wa ke cin ƙarfin. Ko a nan ɗin dai, zafi ne ke kashe ta a ƙarshe. Matsalar direban katin hoto ko ta ram kuwa yawanci shuɗin allo mai rubutu take kawowa, ko wasan ya rufe kansa, ko kwamfutar ta sake tashi. Windows na ajiye tarihin abin da ya faru a Event Viewer, kuma bayan irin wannan ɗaukewa za a ga Kernel-Power mai lamba 41. Wasu kan nuna wa mai kaya wannan a matsayin sunan ciwon. Abin da lambar ke faɗa kawai shi ne na'urar ta mutu ba tare da an rufe ta bisa ƙa'ida ba. Ba ta faɗi dalili ba.

Abin da shekarun nan suka koya wa masu gyaran da suka dage shi ne bin sawu daki-daki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A saurari mai kaya, a tambaye shi yaushe take yi, a ina, da wace wuta. A sa ƙaramar manhaja irin HWMonitor ko Core Temp, a kunna wasan, a zuba wa lambar zafi ido. In ta haura 90 tana hawa, an san inda za a nufa. In ta ɗauke tana 70, a bar maganar zafi, a gwada wata cajar asali, a gwada wata wutar a wani gida. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Wanda ya share fanka, ya canja caja, ya yi fomatin duk a zama ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, gobe in ta dawo da wata, lalube zai sake yi, da kuɗin mutane.

Maganar ta wuce wasa. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Ɗalibin injiniya mai zane, da mai lissafin ƙididdiga, da yarinyar da ke haɗa bidiyon biki don ta samu na kashewa, duk nauyin da suke ɗora wa na'ura irin wanda wasa ke ɗorawa ne. Laftof ɗin da ta ɗauke a tsakiyar ƙwallo yau, ita ce za ta ɗauke ana jibi kare kundi. Don haka ga iyaye, ƙayyade wa yaro lokacin wasa don kada ya ci masa salla da karatu da barci haƙƙinku ne, kuma ina tare da ku a kai. Amma wannan tarbiyya ce, ba ta da alaƙa da lafiyar na'ura. Yaron da ya zo ya ce tana ɗaukewa, labari mai amfani ya kawo, a saurare shi. Na ga yaran da daga neman dalilin mutuwar kwamfutar wasansu suka fara, yau da sana'ar suke ciyar da gida.

Ga masu gyara na Dutsin-Ma da Kurfi, ku ji tsoron Allah game da fomatin. Kada a goge kwamfutar kowa sai an auna zafinta a gabansa, an gwada cajarta, an kuma kwashe masa takardunsa zuwa wani wuri. Kai kuma mai laftof, da zarar hunturu ya janye, kafin zafin Maris ya kankama, kai ta a buɗe a share fankar, a duba man, ka sauke ta daga kan katifa. In mai gyara ya ce maka bairos ne tun bai kunna ta ba, ɗauki kayanka ka nemi wani shagon.